Rasuwar Ɗan Gurnani, Injin Yankan Itacen Ɗanjuma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaici da ya ƙi wucewa, iyalan Malam Ɗanjuma mai yankan itace na unguwar Nassarawo a nan Mubi suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injinsu, wanda aka fi sani da Ɗan Gurnani. Ya rasu ranar Lahadi, goma ga watan Mayu na 1987, bayan sallar la'asar, a gidan surukan mai shi. Ya bar duniya yana da shekara shida, da sauran ƙarfinsa da duk haƙoransa.

An ɗauko marigayin daga Jimeta a bayan akori-kura, a naɗe cikin bargo kamar jariri. Tun daga ranar bai taɓa kwana da ƙazanta ba. Bai taɓa shan fetur zalla ba, sai an gauraya masa da mai daidai awo. Ba a ba da aronsa, ko da kuwa limamin unguwa ne ya aiko. Shi kuma bai ci amanar wannan riƙo ba. Ja biyu yake tashi, in an yi sanyi ja uku. Ya kan fara da “tuf, tuf, tuf” kamar dattijo yana gyaran murya, sa'an nan ya saki “gwaaarrr” ɗin nan da matan Mugulbu ke ji daga gona su ce yau akwai itacen girki. Ya yi wa coci katakon benci, ya yi wa masallaci na rufi, bai taɓa tambayar na wa ne ba.

Duk wanda ya yi aiki da Ɗanjuma ya san ƙa'idojinsa, har wasu na cewa ya cika tsirfa. Ba ya tayar da inji sai da hular kwano, da manyan takalma, da riga mai kama jiki. Ba ya sare itace shi kaɗai, sai abokin aikinsa Vandi yana riƙe da igiya. Sai ya duba iska, ya share hanyar gudu, ya buɗe wa itacen baki ta gefen da yake so ya faɗi, kafin ya zagaya baya. Babbar ƙa'idarsa kuwa ta itatuwan cikin gida ce. Mutanenmu ba sa ganin itace a tsakar gida su ƙyale shi. Wannan ta kafa ƙusa don igiyar shanya, wancan ya buga ƙarfe don ɗaure akuya, shekaru su wuce, itace ya haɗiye ƙarfen ya rufe kamar ba a yi ba. Saboda haka kafin ya taɓa irin wannan itace, Ɗanjuma kan nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan ya tambaye ta abin da aka taɓa bugawa a jikinsa. Shekara shida yana haka, ko ƙwarzane bai samu ba.

Ga yadda ajali ya zo. A gidan surukinsa Malam Bakari akwai wata tsohuwar dalbejiya da gara ta cinye mata gefe guda, ta karkata daidai kan ɗakin Inna Ruƙayyatu, mahaifiyar matarsa Na'imatu. Damina ta kawo kai, aka tsayar da Litinin za a sare ta. Ran Lahadi Ɗanjuma ya sa babbar rigarsa ta zuwa gaisuwa, ya ɗora marigayin a babur don ya ajiye shi a can kafin gobe. Vandi yana wajen taron coci. Hular kwano tana gida a rataye. Takalma kuma ya tuɓe su a zaure, kamar yadda kowane ɗa mai tarbiyya ke yi a gidan surukai.

Yana tsugune yana gaisuwa sai Malam Bakari ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas ya ce, “Tun da ka zo da shi, ai sai a gama yau.”

Mutumin da ya taɓa juya wa ɗan kwangila baya saboda babu igiya, mutumin da ke yi wa Vandi faɗa in ya tsaya a inda bai kamata ba, sai ga shi ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Baba.”

Tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan ita ce Inna Ruƙayyatu. Shekara goma sha ɗaya da auren 'yarta, ban da “ina kwana” da “lafiya lau” babu maganar da ta taɓa haɗa ta da Ɗanjuma, ita ma gaisuwar kowa na kallon ƙasa ake yin ta. Ya dubi ƙofar ɗakinta, tambayar ta zo masa har bakin leɓe, kunya ta mayar da ita. Ya naɗe hannun riga, ƙafa ba takalmi, ya ja igiyar inji. Ja biyu marigayin ya amsa, bai san kiran ƙarshe ba ne.

Ya ci rabin gindin lafiya. Daga nan sai aka ji “ƙyarrr, kas!”, ƙarar da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Haƙoransa sun gamu da ruwan fartanya da ke kwance a cikin itacen. Inji ya yi tsalle ya dawo baya, sarƙa ta tsinke ta tsarge babbar riga daga kafaɗa har aljihu, ta ɗauke hula, ta bar wa mai ita ɗinki biyar a goshi. Shi kuwa marigayin ya kuɓuce ya daki dutsen murhu, cikinsa ya tsage, mai ya malale a ƙasa. An garzaya da shi wurin Andrawus bakanike a Kolere. Ya juya shi sau ɗaya ya ce, “Kai, Ɗanjuma, wannan kam ya tafi. Sarƙa ya tsinke, ciki ya fashe, me zan gyara? Ka gode Allah ba kanka ne aka kawo mini ba.”

Abin da ya fi ɗinkin goshin ciwo shi ne abin da ya fito daga baya. Ashe Inna ce da hannunta ta buga fartanyar nan, shekarar da ta tare, don rataya ragaya. Ashe tana tsaye bayan asabari tana kallon daidai inda ake yankawa. Da Na'imatu ta tambaye ta dalilin da ya sa ta yi shiru, sai ta ce, “Ni in buɗe baki in kira mijin 'yata a tsakar gida? Ai na yi masa tari har sau uku.” Tari, jama'a, a gaban injin da ake ji daga hayin kogi!

Marigayin ya bar jarka ɗaya da sauran mai a ciki, da magagari biyu, da fulogi sabo da ba a taɓa sa masa ba, da hular kwano wadda ba ta samu halartar rasuwar ba. Ya kuma bar dalbejiya a tsaye, rabin gindinta a yanke, ta ƙara sunkuyawa kan ɗakin Inna. Inna kuwa ta ce ba ta fita daga ɗakin da ta haifi 'ya'yanta takwas. Kullum hadari ya taso sai Ɗanjuma ya yi ta zagaye gida yana kallon sama, yana jin haushin kansa.

Za a yi jana'iza gobe Laraba da hantsi. Za a ajiye gawar ƙarƙashin bencin Andrawus, inda sauran 'yan uwanta suke, wanda ke buƙatar wani sashe nata ya yi masa magana. Daga can za a wuce kai tsaye gidan Malam Bakari. Iyalan suna roƙon kada kowa ya wahalar da kansa da doguwar ta'aziyya. Duk mai ƙaunar marigayin ya zo da gatari da igiya mai kauri, a ƙarasa aikin da ya bari. Vandi ne zai tsayar da kowa a wurinsa. Babu mai shiga da babbar riga, babu mai tuɓe takalmi a zaure, maigida ya yafe wannan gaisuwar.

A ƙarshe ana sanar da masu zuwa cewa jiya Ɗanjuma ya je da kansa, takalmansa a ƙafa, ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna, ya yi mata tambayar da ya kamata ya yi tun ran Lahadi. Ta juya fuskarta ga bango ta ce, “Saura ƙarfe shida a jikin itacen. Akwai na bakwai, amma na manta inda na buga shi.”

Don haka mai gatari ya haɗo da abin wasawa.