Daddawar Saiwar Dabino

Ƙarfe goma na safe abin ya fara lalacewa, kuma ko na tsufa ba zan manta ba. A lokacin ne Gwaggo, ƙanwar babana, ta shiga ɗakin girki neman daddawa, ni kuwa ina can ɗaki na duƙufa a kan littafi.

Aikin gona nake karanta. A aji mun sha karatun cutar da ke ruɓar da saiwa da gindin kwakwar manja (itacen da har yau ban gani da idona ba). Da lokacin istaj ya zo, wato aikin gwaji a fili, malaminmu, wanda muke kira Mushe da Faransanci, ya ce in koma gida Keita in nemo irin wannan ruɓa a jikin dabino. Da ƙyar na samu guda mai ciwo a fadama. Na yanko saiwar, baƙa ƙirin, ta yi laushi, na yayyanka ta ƙanana, na zuba a ƙwarya na yayyafa ruwa, na rufe da faifai don funfunar ta fito a gane irinta. Ɗumi take so, sai na tura ƙwaryar bayan murhu, daidai inda matan gidanmu ke ajiye daddawar batso har ta nuna. Ban gaya wa kowa ba. (Da wane baki zan ce ina kiwon funfuna?)

Ranar da Gwaggo ta shiga neman daddawar nan ce Mushe zai zo ya duba, kuma makina na shekara duk yana cikin ƙwaryar nan.

Da azahar ya iso a kan moto, wato babur. Aka kai masa tuwon dawa da miyar kuka a zaure, ya ci ya sa albarka. Sannan ya ce, "To malama, kawo mana maras lafiyar."

Na je bayan murhu. Ƙwarya a wanke tas, an kife ta.

Mushe dai yana nan lafiya, ya ma ƙara mini lokaci, sai dai an ce ya daina cin tuwo a gidajen ɗalibansa. Ni kuma na koyi cewa kunyata ba ta tsaya a kaina ba, har cikin tukunya ta shiga.

A ranar dai, da na ga ƙwaryar a kife, sai na matsa kusa da Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa: "Gwaggo, abin da ke cikin ƙwaryar nan fa?"

Ta ɗaga murya yadda har zaure ana ji: "Daddawar taki? Wayyo ɗiyata, ba ki iya ba, sai da na yi ta daka! Amma kwantar da hankalinki, malamin naki har ƙari ya yi."