Injin Kawu Ya Haye, Injiniya Ya Sha Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na zo hutu gida Gwaram ba, lokacin ina ji da kaina kamar a kaina aka fara boko. Shekarata biyu ke nan ina aiki a Fatakwal, a wani kamfani mai loda manyan injina a kan jiragen dako na teku, irin masu shimfiɗaɗɗen baya da ake ja. Aikina in zauna gaban kwamfuta in zana jirgi da kayansa, in lissafa yadda igiyar ruwa za ta jijjiga su, sannan in nuna inda za a yi waldar ƙarafan da za su riƙe kayan kada su zame. (Inna dai, duk bayanin da na yi mata, abin da take gaya wa maƙwabta shi ne ɗanta ɗaurin kaya yake yi a Kudu.)

Ina cikin hutun sai Kawu Sale, ƙanin Inna, ya sayo injin casar shinkafa daga Birnin Kudu. Bijimansa biyu ya rabu da su kafin ya mallake shi. Ƙauyensu yana gaba da Farin Dutse, a hayin kogi, ga ruwa ya cinye hanyar mota, dole sai a kwale-kwale za a haye da shi. Hankalin Kawu ya ƙi kwanciya, domin idan injin nan ya faɗa ruwa, ba bijimai ba inji. Ya ce tunda Allah ya kawo gwani har gida, in zo in duba masa. Ni kuwa dama abin da nake jira ke nan.

Kwana biyu na yi ina awo da lissafi. Ranar hayewa na caɓa ado da sabuwar farar shadda, don mutanen ƙauye su san ba ƙaramin mutum Kawu ya ɗauko ba. A bakin kogi muka tarar da Baba Haladu mai fito, dattijo marar yawan magana, ya haɗa kwale-kwale biyu ya gitta katakai a kansu. Na tsaya na yi masa karatu: nauyi ya zauna a tsakiya, ya yi ƙasa-ƙasa, duk abin da ya yi sama shi ke kifar da jirgi. Ya saurare ni har na gama, ya ce, “To, injiniya.” Da na auna katakansa sai na ga tsakaninsu da inda kwamfutata ta ce bai fi yatsa huɗu ba. Duk da haka na sa aka matsar da su, don kada wahalata ta tashi a banza. Aka ɗora inji, aka tokare shi da itace, aka ɗaure tamau yadda na zana.

Sai shiga. Cikin kwale-kwalen akwai ɗan ruwa da laka, kowa ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya tsuguna. Na dubi lakar, na dubi shaddata. Kawai sai na haye can saman injin na harɗe, kamar alƙali a kotu. Baba Haladu ya ce da na sauko na tsuguna. Na ce masa kada ya damu, komai an lissafa.

Muna kaiwa tsakiya, inda ruwan ke da ƙarfi, jirgin ya ɗan karkata. Na zame gefe, na rungume bututun injin, sai ya ƙara karkata ya biyo ni, ruwa ya fara kwararowa ciki. Na ga Kawu ya dafe injinsa da hannu biyu yana salati. Gaskiya tsoro ya kama ni, na kasa sauka, na kasa gyara zama. Baba Haladu ya dube ni, ko ɗaga murya bai yi ba.

“Injiniya, ka iya ruwa?”

Har a wannan halin sai da girman kai ya amsa. Na ce, “Sosai ma.”

Ya sa gorar tuƙinsa ya ture ni.

Da na ɗago kai ina furzar da ruwa, jirgin ya daidaita, hulata kuma ta kama hanyarta. Aka jefo mini igiya, aka ja ni a baya har gaci. A can kuwa mata ne cike da bakin kogi, sun zo tarbar inji. Abin da suka fara gani shi ne gwanin da Kawu ya yi ta ba su labari, yana rarrafowa daga ruwa, shadda ta koma ruwan ƙasa, takalmi ƙafa ɗaya. Ba wadda ta yi dariya a fili, sai dai na ga mayafai suna rawa. Wata tsohuwa ta ce mini sannu da aiki. Wannan sannun ya fi turin da aka yi mini ciwo.

Baba Haladu ya zagaya injin yana taɓa igiyoyin, ya ce ko kaɗan bai gusa ba. Sannan ya juyo wajena. “Ɗaurinka ya yi, ɗana. Kaya ɗaya ne ka manta ba ka sa a lissafi ba.”

Injin yana nan yana aiki har yau, kuma duk kaka Kawu yana aiko wa Inna da shinkafar da ya casa, ni ma ina cin rabona da daɗin rai. Abin da na koya dai bai da yawa: idan dattijon da ya tsufa a kan ruwa ya ce ka tsuguna, ka tsuguna. In kuwa ya tambaye ka ko ka iya ruwa, to ka fara tambayarsa dalili.