Burgar Haladu a Teburin Karta

Akwai wani mutumin Funtuwa, Haladu mai sayar da kayan gyaran babur, mutum mai natsuwa da kamun kai, ba ruwansa da rigimar kowa. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a duniya: kartar ranar Asabar.

Barau direban tanka ne ya kawo wa su Haladu wasan daga Fatakwal, wai sunansa foka. A raba wa kowa kati, kowa ya leƙa nasa a ɓoye, sai a shiga zubi. Wanda ya ga katinsa ba ƙarfi ya ajiye, wanda ya yarda da nasa ya bi. In an kai ƙarshe a buɗe, mai babban kati ya kwashe. In kuwa ka tsorata mutane kowa ya ajiye, to ka ci, ko da tarkace ne a hannunka. Ba sa zuba kuɗi, don katanga ɗaya ce tsakanin rumfar Barau da gidan liman, da marafan kwalbar lemo suke yi. Amma akwai doka: wanda marafansa suka fara ƙarewa, shi zai tashi ya hura gawayi, ya dafa wa sauran shayi, ya wanke kofuna.

Haladu ya hura gawayin nan har mutanen layin suka fara manta sana'arsa ta gaskiya. Ranar da abin ya ishe shi ita ce ranar da surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya biyo shi rumfar don ya gaishe shi. Ya tarar da shi a tsugune yana fifita wuta da guntun kwali, Barau kuwa na kishingiɗe yana cewa a rage sukari. Surukin ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya tashi ya tafi bai ce komai ba. Wannan shirun shi ya fi yi wa Haladu ciwo.

Daga ranar ya ɗaura ɗamarar koyon wasan da gaske. In ba ciniki a shago sai ya jingina waya da gwangwanin man inji, ya yi ta kallon gwanayen duniya suna bugawa suna bayani. Har ya gano sirrin: abokan wasa iri biyu ne, kuma kowanne da maganinsa. Akwai gwani, irin Barau da Injiniya Sallau. Shi gwani tunani yake yi, saboda haka ana iya tsorata shi da burga. Akwai kuma raggo, irin Alhaji Ilu dillalin hatsi, wanda hira ce take kawo shi, kuma duk mako sai ya sake tambaya ko katin sarki ne ke cin na sarauniya ko nata ne ke cinsa. Shi raggo ba a yi masa burga. Haƙuri ake yi har kati mai kyau ya zo, sannan a kwashe shi a hankali.

Sai batun fuska. An ce kada ta nuna murna, kada ta nuna damuwa. Haladu ya shiga tsayawa gaban madubi yana ɗaure fuska, har wata safiya matarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa.

"Malam, haƙorin ne ya motsa?"

"Fuskar wasa nake koyo."

"To, a riƙa ragewa in an fito tsakar gida. Jiya ma maƙwabciya ta tambaye ni ko an yi mana rasuwa."

Asabar ta zo. Bayan azahar Haladu ya iso rumfa da baƙin tabarau, ya zauna ƙiƙam kamar wanda ya zo ɗaukar hoton fasfo. Da farko komai ya tafi yadda aka tsara. Ya yi ta ajiye kati, ya yi ta haƙuri, da mai kyau ya zo ya ci Alhaji Ilu ci mai daɗi. Barau da Injiniya suka kalli juna.

Can aka yi wani rabo, Haladu ya leƙa katinsa ya ga tarkace, ba guda biyu da suka san juna. Amma ya lura Barau na sosa kunne, Injiniya kuma ya yi jinkiri kafin ya zuba. Zuciyarsa ta ce masa lokacin burga ya yi. Matsalar ita ce Alhaji Ilu bai ajiye ba. Yana nan da waya a kunne suna jayayya da wani direba a kan lodin masara, katinsa na kife a gabansa. Gwanayen cikin waya sun faɗi yadda ake yi da gwani, sun faɗi yadda ake yi da raggo, amma Haladu bai tuna sun faɗi yadda ake yi in duk suna cikin zubi ɗaya ba. Ya yi lissafi: gwanaye biyu ne, raggo ɗaya. Sai ya bi masu rinjaye.

Ya tura marafai. Barau ya zuba masa ido, ya ga kansa a cikin tabarau, ya ja tsaki ya ajiye. Alhaji Ilu ya bi da hannun hagu, bai ko waigo ba. Haladu ya ƙara. Injiniya ya yi ta motsa leɓe yana lissafi, daga baya ya ce, "Yau mutumin nan da abinsa ya zo," ya ajiye. Alhaji Ilu ya sake bi. Fuskar Haladu dai na nan yadda madubi ya bar ta. Ya tattara duk abin da ya rage masa ya tura tsakiya.

Alhaji Ilu ya cire waya daga kunne. "Har yanzu ba a gama ba?" Ya tura nasa.

Aka buɗe. Haladu ba komai. Alhaji Ilu ya juya nasa, sai ga kati mai lamba biyu guda biyu, mafi ƙanƙantar abin da ake ci da shi. Shi kansa lokacin ya fara ganinsu. Barau ya dafe kai, don sarakuna biyu ya zubar. Abin da Injiniya ya zubar ma ya fi haka.

Haladu ya cire tabarau a hankali, ya ninke, ya sa a aljihu.

"Alhaji, don girman Allah, me ya sa ka bi ni?"

"Na ga kowa ya gudu ya bar ka kai kaɗai, na ce bai kamata ba."

"Ba haka ake yi ba! Ka ga na ƙara, na sake ƙarawa, na juye komai. Barau ya ajiye, Injiniya ya ajiye. Duk wanda ya iya wasan nan ajiyewa zai yi. Ka zo shago gobe in koya maka, kyauta, ko ma samu mu riƙa yin wasa irin na mutane."

Alhaji Ilu ya sa hannu biyu ya jawo tulin marafan gabansa, ya dubi Barau, ya dubi Injiniya, sannan ya dubi Haladu.

"A'a, Malam Haladu, bar ni a haka. Na ga abin da iyawa ta yi muku ku uku."