Ranar da na kai Rabi allura

Tsawon allurar na fara gani da muka shiga asibitin unguwarmu a Maamobi. Mako guda na yi ina cire wa ƙanwata Rabi tsoron allura, ina yi mata ta wasa da tsinken tsintsiya, har na ce wa Mma ni zan kai ta.

"Kalli fuskata kawai," na ce mata. Ni kuwa na kalli allurar.

Na farfaɗo a kan benci, Rabi tana mini fifita da katinta, ko hawaye babu.

"Yaya, an gama. Kar ki ji tsoro."

Horon da na ba ta ne fa! Amma har yau matan gidanmu "Likita" suke kirana. Na dai roƙi Rabi ta raka ni ranar tawa allurar.