Yadda Za Ka Yi Wa Jami'a Ƙwallo Shekara Huɗu Ba Tare da Karatu Ya Shafe Ka Ba

Kai yaro mai faɗin kafaɗa, matso kusa. Shekara goma sha tara ke nan ina ofishin da ke kula da karatun 'yan wasa a jami'armu, kuma ban taɓa bari ilimi ya lalata mana ɗan ƙwallon Amurka ko ɗaya ba. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka fita da kanka fes, yadda ka shigo da shi. Don kada ka ce surutu ne kawai, zan kafa maka misali da Kendrell Pettway, yaron da ya fi kowa ba ni wahala, domin ya zo mana da mugun ciwo: yana son lissafi.

Mataki na 1: Gaskata duk abin da aka faɗa a falon mahaifiyarka

Koci zai zo gidanku da ƙafarsa. Namu, Harlan Tull, ya yi tuƙin awa uku zuwa wani ƙauye a kudancin Alabama, ya zauna a kujerar da ta lotsa, ya ci soyayyar kaza da burodin masara har ya nemi ƙari. Mahaifiyar Kendrell, Odessa, direbar motar 'yan makaranta ce, kuma tambaya ɗaya ta yi masa: shin ɗanta zai zama injiniya? Tun yana ƙarami yake zana gadoji a bayan littattafansa.

Koci ya dafa ƙirji ya ce, "Mama, ki ɗauka ɗana ne na cikina. Karatu farko, ƙwallo daga baya."

Ba ƙarya ya yi ba. A allon da ke rataye a ofishinsa haka aka jera su.

Ka sa hannu a ranar. Kada ka tsaya karanta takardar tallafin karatun, ai rashin karatun ka zo koya.

Mataki na 2: Bar mu mu zaɓa maka abin da kake so

A makon farko Kendrell ya shigo ofishina da jerin darussan injiniya, ya rubuta su da hannunsa, har da ja musu layi. Na yaba masa ƙwarai. Sannan na juya masa allon kwamfuta na nuna masa cewa ɗakin gwaje-gwaje ƙarfe biyu na rana ake shiga, atisaye ma ƙarfe biyu na rana ake farawa, kuma a cikin biyun ɗaya ne kawai ke cika fili da mutum dubu casa'in ranar Asabar.

Ya ce, "Yallaɓai, to ba za a iya matsar da ɗaya ba?"

Na ce za a iya mana, kuma na matsar da shi. Na sa shi a wani fanni mai suna Nazarin Fannoni Daban-daban, na wucin gadi, kafin baɗi. Rabin ƙungiyar suna cikin wannan wucin gadin. Akwai waɗanda suka yi furfura suna jiran baɗi.

Mataki na 3: Koyi zama a aji ba ka nan

Wannan fasaha ce, ba kowa ke iyawa ba. Ƙarfe biyar da rabi kana ɗaga ƙarfe, takwas kana aji, domin muna da mutumin da ke leƙowa ta ƙofa ya ga ko ka zo. Jikinka kawai yake nema. Ka zauna a layin gaba, ka ja hular riga, ka tallafe haɓa kamar mai zurfin tunani. Ƙwararru suna barci ido a buɗe, wasu har da gyaɗa kai a inda ya dace.

Akwai kuma darasin da ba a shiga aji ko sau ɗaya, sai dai a kawo rubutu shafi goma a ƙarshen zango. Kada ka tambayi wa zai karanta. Tambaya irin wannan ita ce farkon ilimi, ka yi hattara.

Mataki na 4: Guji malamin da ya ɗauke ka da muhimmanci

Nan ne muka kusa yin asarar Kendrell. A shekararsa ta biyu ya zagaye ni ya yi rajistar wani darasin lissafi mai nauyi, wurin wata Dakta Whitlock, tsohuwa mai taurin kai da ba ta taɓa taka filin wasa ba. Ya ci maki tamanin da bakwai cikin ɗari. Maimakon ta rufa masa asiri, sai ta kira shi ofis ta ce akwai wani kamfanin gine-gine da ke ɗaukar ɗalibai koyon aiki a dogon hutu, za ta rubuta musu sunansa. Yaron nan ya kwana uku yana murmushi shi kaɗai. Har ya buga wa Odessa waya, ta je coci ta sanar.

Sai dai dogon hutu lokacin atisayen ganin dama ne. Ya je ya sami Koci ya yi masa bayani, hula a hannu. Koci bai ɗaga murya ba, bai ma ɗago daga farantinsa ba.

"Je ka abinka, ɗana. Atisayen nan na ganin dama ne. Sa mutum a wasa ma na ganin dama ne."

Kendrell ya ce ya gode. Daga ranar, in ya hango Dakta Whitlock tafe sai ya sauya hanya. Ka lura da kyau: babu wanda ya hana shi komai. Mu ba ma hana kowa komai.

Mataki na 5: Tabbatar wa kanka kai ne ɗayan

A cikin kowane ɗari irinku, ɗaya ko biyu ne manyan ƙungiyoyi ke ɗauka. Ka shiga ɗakin canza kaya ka tambaya, za ka tarar da mutum ɗari, kowa shi ne ɗayan, yana tausaya wa sauran. Kendrell ya fi su laifi, domin shi ya iya lissafin. Ya yi shi a bayan takardar jadawali, ya duba amsar, ya duƙunƙune ya jefar.

Kuma wa zai ga laifinsa? A shekara ta uku gari duk ya cika da riguna masu lambarsa, 31. Masu shagunan motoci suna kiransa ɗaukar hoto. Manyan mutane masu jikoki suna ihun sunansa har muryarsu ta dushe. Littafi bai taɓa yi wa kowa ihu ba.

Mataki na 6: In gwiwa ta yi magana, ka ce ba ka ji ba

Ta Kendrell ta fara yi masa magana a watan Oktoba na shekarar ƙarshe. Aka yi mata allura ta yi shiru. A Nuwamba, ana saura minti shida a tashi, ya juya da gudu, ƙafar ba ta juya tare da shi ba. Aka ɗauke shi a ƙaramar mota, jama'a suka miƙe suna tafi, ya ɗaga musu babban yatsa yadda aka saba. Kafin motar ta shige ƙofa, mai lamba 26 ya shiga gurbinsa, kuma wallahi yaron ya iya gudu.

Koci ya tura masa saƙo a asibiti, har da hoton hannu mai addu'a. Bayan mako uku wata jami'ar ta ninka wa Koci albashi. Kendrell yana kwance, ƙafa a rataye, ya gan shi a talabijin sanye da hula mai wani launi, yana hawaye yana cewa ya dawo cikin danginsa.

Mataki na 7: Jira waya

A kwanaki uku na Afrilu da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen sabbin 'yan wasa a talabijin, ka koma gida, wadda ta zaɓe ka za ta bugo. Odessa ta gasa haƙarƙari, maƙwabta suka cika falo, fasto ya zo da matarsa. Kendrell ya ajiye waya a kan gwiwarsa mai lafiya. Aka kira suna ɗari biyu da wani abu, babu nasa. A rana ta uku da yamma mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tuna ya bar wani abu a wuta. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Ƙanin mahaifinsa ne, yana tambaya ko an kira.

Mataki na 8: Karɓi takardarka ka yi murmushi

A Mayu muka sa masa riga da hula, muka ɗauke shi hoto, muka liƙa a bangon ofishina a jerin waɗanda suka kammala. Mu kam muna alfahari da yawan masu kammalawarmu.

Washegari Odessa ta shigo ofishina, shi yana bayanta yana ɗingishi. Ta shimfiɗa digirin a kan teburina, ta daddanne gefunan da hannu. Ta ce sun je wurare uku neman aiki, ko'ina sai an nemi ɗaukar hoto da shi, sannan a tambaye shi me ya iya, shi kuma sai ya yi shiru.

"Malam, ni ban yi nisa a makaranta ba. Kai ka zaɓa masa. Karanta min a nan, me ɗana ya sani?"

Na karanta mata sunan fannin, a hankali, sau biyu. Kendrell ya tambaya ko darussan da ya yi za su rage masa hanya in ya koma injiniya. Na duba. Guda ɗaya ne zai shiga, na Dakta Whitlock. Sauran sai daga farko, kuma tallafin karatunsa ya ƙare tun jiya.

Odessa ta ɗauki takardar ta naɗe, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta riƙe masa ƙofa har ya gama fita. Yanzu yana sayar da manyan motoci a bakin babban titi, kuma an ce ba ya taɓa kuskure a lissafin farashi.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora, da Koci na da, da Koci na yanzu, da jami'a, da mutum dubu casa'in da suka yi tafi, babu ruwansu da duk abin da ya biyo baya, kama daga ɗingishi, zuwa mantuwa, zuwa shirun da za ka yi in an tambaye ka me ka karanta. Gwiwar taka ce, kan ma naka ne, hannun da ya sa hannu ma naka ne. Shekara huɗu kawai muka karɓa a wurinka, kuma ka duba takardar da ka sa wa hannu da kyau, in ka iya: babu inda muka ce za mu mayar.