Ranar Da Danga Ta Tona Asirin Baturen Inna

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ta bikin 'yar yayana ba, ko na so mantawa ma gwaggonnina ba za su bari ba.

Ni ne auta a ɗakinmu, kuma tun ina ƙarami Allah ya jarrabi Innata da bakina. Ba na cin kuka, ba na cin kuɓewa, karkashi kuwa ko kallon inda yake ba na yi. In aka jefa daddawa a miya, daga zaure hancina yake sanar da ni. Ka tuna fa a ƙauye muke, can gefen Zakirai, inda in ka cire kuka da kuɓewa daga abinci to sai dai ka ci tuwonka gaya. Baba ya ce a ƙyale ni, yunwa za ta koya mini hankali. Yunwa ta yi iya ƙoƙarinta, amma Inna ba ta ba ta haɗin kai ba. Kullum sai ta ɗora 'yar tukunya ta biyu, ta jiƙa kauɗar tumatir, ta durƙusa kan dutse ta niƙa, ta yi mini jar miya ni kaɗai. Daga nan aka laƙaba mini Baturen Inna, ni kuma don rashin kunya har amsawa nake.

To, girma ya zo, aka tura ni koyarwa wata firamare kusa da Dawanau. Wata rana an tashi makaranta ruwa ya tsare ni a rumfar wata mai tuwo, cikina kamar an yi sata, kuma babu abin da ya rage mata sai tuwon dawa miyar kuka. Na ce a zuba, ai ba wanda ya san ni a nan. Ta zuba man shanu, ta barbaɗa yaji. Na rufe ido na kai loma kamar mai shan maganin zazzaɓi. Wallahi a wannan lomar na gane shekara ashirin da biyar ina zaluntar kaina. Sai da na ci malmala uku, na suɗe kwano.

Mai hankali da ya koma gida sai ya faɗa, ko ba haka ba? Ni ban faɗa ba. Mutum ya yi suna a kan abu, yaya zai dawo ya ce ya tuba? (Gaskiyar magana kuma, tukunyar Bature ta fi ta jama'a nama, wannan ma yana cikin lissafina.) Shekara bakwai ina sharɓar kuka a Dawanau ina yamutsa fuska a ƙauye, Inna kuma tana ɗora tukunya biyu duk ranar da na zo, ga ciwon gwiwa ya sa ta a gaba.

Mu dawo kan biki. Washegarin ɗaurin aure gida ya cika da mata. Na sha farar shaddata, na shiga gaishe-gaishe, na tarar da Inna a bakin murhu hayaƙi na ta shiga idonta, tana dafa wa Bature shinkafa. Gwaggo Tabawa, yayar Baba, tana ta yi mata faɗa, wai a rana irin ta yau da gwiwa irin tata ba ta da aiki sai lallashin gardi mai gemu. Inna ta ce a bar ta, yaron bai iya cin ɗumame ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai irin na salihan bayi, na zagaya bayan rumbu wai zan duba awaki.

A nan Shaiɗan yake jirana. An sauke tukunyar ɗumame an ajiye ta jikin danga ta huce, wadda aka ware wa gwaggonni, su kuma suna zaune kan tabarmi a ɗaya gefen dangar suna jiran a kawo koko. Tuwon jiya ne ya kwana cikin kuka, ya sha wuta, man shanu ya taso a kai. Na duba gabas, na duba yamma, ba kowa sai akuya. Na ce loma ɗaya ba ta zama sata ba. Na tsuguna, na naɗe hannun riga. Loma ɗaya ta kira 'yar uwarta, har na ga tsugunon yana cutar da ni, na zauna dirshan, na jawo tukunya tsakanin ƙafafuna, na jingina da danga don in ji daɗin aikina.

Ashe gara ta gama da dirakun dangar tun bara. Ban ji komai ba sai ƙarar kara, sai ga ni rigingine a tsakar gida, a gaban gwaggonni takwas, tukunya a kan cikina, kuka tana gangara kan shadda, yatsuna biyu kuma suna cikin bakina. Na rantse da a ce ƙasa ta tsage a lokacin, da gudu zan shige.

Gwaggo Tabawa ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ga matan ta ce, "Ku kira uwar Bature ta zo ta gani, ɗanta ya musulunta." Sai wata ta rangaɗa guɗa, dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki suna neman ruwa.

Inna ta taho tana ɗingishi, da farantin shinkafata a hannu, idonta jajur saboda hayaƙi. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi guɗar yi mini ciwo. Ta tambaye ni tun yaushe. Na so in ce yau na fara, amma wanda ya fara yau ba ya share rabin tukunya. Na ce shekara bakwai. Ta tambaya a ina na koya, na ce wajen wata mai tuwo a Dawanau.

Sai ta ce, "Ni tukunya biyun ba ta taɓa damuna ba, Auta. Amma duk 'ya'yana sun ci miyata sun ce ta yi daɗi, kai kaɗai nake jira. Ashe ka kai wa wata."

Ta miƙa wa Gwaggo Tabawa shinkafar ta koma bakin murhu. Na bi ta da miyar kuka a gaban riga, na durƙusa ina ba da haƙuri, na ce wallahi wannan ɗumamen ya fi na Dawanau nesa ba kusa ba. Ta ce in tashi in ba ta wuri, ai dole in faɗi haka tunda an kama ni.

Tun daga ranar tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidanmu, naman ma an daidaita ni da talakawa. In na je, Inna takan zauna ta zuba mini ido har in suɗe kwano, sannan ta tambaya ko ta kai ta Dawanau. Abin da na koya shi ne, in bakinka ya tuba, ka fara gaya wa wadda ta sha hayaƙi dominka. In kuma ka ƙi, to aƙalla ka riƙa duba abin da za ka jingina da shi.