Kakin Zuma a Murfin Tanki

Ba zan taɓa mantawa ba da Jumma'ar da na tara mutanen unguwarmu a Gaya don su ga yadda ake kama marar gaskiya.

Zamanin Nasara ne, ba a ma gama gadar Malanbil ba. Ɗana Mamman ya sayi wata tsohuwar kamiyonati, 'yar mota mai buɗaɗɗen baya, ya ba Garba, mijin ɗiyar ƙanwata, yana kai busasshen kifi da shinkafa kasuwannin Tanda da Yelu. A ƙofar gidana ake ajiye ta, saboda haka ni ce mai gadinta (ba wanda ya naɗa ni).

Wata safiya ina shara sai na ji warin isansi, wato man fetur. Na bi shi da hanci har murfin tankin motar, na tarar da wata 'yar huda kamar ta allura. Na ce lalle maza ba su san tattali ba. Mu ko ƙoƙon man shanu ba ma barin bakinsa a sake. Na narka kakin zuma na liƙe hudar tsaf, na goga baƙin tukunya a kai don kada aikin ya yi muni. Ban gaya wa kowa ba.

A makon nan motar ta canza hali. Ta tashi lafiya, ta yi ta gurnani a tsaye. Amma da an yi nisa Garba ya ba ta wuta, sai ta shaƙe, ta yi tari, ta yi kamar za ta durƙusa. A hawan bakin gari sai mata masu kifi sun sauka sun tura.

Aka kai ta wurin Kosi, makaniki mutumin Dahomai. Ya kwance buji, wato filogin da ke kunna mai, ya kankare. Ya warware karbireta, wato inda mai ke gauraya da iska, ya wanke, ya hura ƙofofinta da baki. A garaji ta yi ƙalau, a hanya ta koma tarinta. Ya ce mai ne ba ya isowa.

Sai matan nan masu kifi suka tsegunta mini cewa Garba yakan tsaya a daji yana buɗe tanki. Na kira shi.

"Me kake nema a tanki tsakiyar daji?"

"Inna, in na buɗe na rufe sai ta ɗan saki jiki. Wallahi ban san dalili ba."

"Ni na sani. Kana kwasar isansi kana cika da kananzir."

Na matsa wa Mamman har ya yarda: bayan sallar Jumma'a a juye tanki gaban jama'a, in an sami algus Garba ya ajiye makulli. Ni na aika gida-gida. Har tabarma na shimfiɗa wa dattawa.

Kosi ya tsiyaye man a daro, ya shinshina, ya ce tsabtatacce ne. Na ce a sake dubawa. Ya mayar, ya ja motar ya zaga gari har ta fara tari, ya dawo. Yana murɗa murfin sai muka ji fuuu, kamar tsoho ya sauke kaya. Ya juya murfin a hannu, ya karce da farce, ya kai hanci.

"Zuma," in ji shi. "Tanki ma numfashi yake yi. In mai ya fita, sai iska ta shiga ta wannan huda. Wa ya toshe masa hanci?"

Mamman ya juya ga Garba.

"Wa ke taɓa motar nan in ba kai ba? Kawo makulli."

Garba bai yi musu ba, ya sa hannu aljihu. Matarsa tana tsaye da goyo tana kallon ƙasa. Na so in bar laifin a kansa (kada in yi muku ƙarya, sai da na ga makullin ya fito). Sannan na ji muryata, ƙarama kamar ba tawa ba.

"Ni ce."

"Inna, me kika ce?" in ji Mamman.

"Na ce ni ce, ko kai ma an liƙe maka kunne?"

Dattawa suka shiga gyaran rawani don ɓoye baki. Masu kifi kam ba su ɓoye komai ba. Kosi ya karyo ƙaya ya zura a hudar, aikin ke nan. Motar ta haye hawan bakin gari ko tari ɗaya ba ta yi ba.

Washegari na tafi gidan Garba da kaina, da ƙwaryar fura, na ce ya yafe mini. Ya durƙusa ya ce, "Haba Inna, ba komai. Liƙin ma ya yi kyau, sau biyu makaniki yana dubawa bai gani ba."

Yanzu in na ga huda a jikin abin da ban sani ba, sai na tambayi masu shi kafin in toshe. Bakina ne dai har yau ban sami kakin da zai riƙe shi ba.